Kwamfutar Hedimasta

Shekara huɗu ke nan da cutar ta ɗauke wa Hedimasta magana. Daga ƙafa ta faro, ta hau hannuwa, ta zo ta kama harshe, har ya zamana duk jikinsa babu abin da yake jin umarninsa sai idanu da yatsu biyu na hannun hagu. Hankalinsa kuwa garau yake. Mutumin da ya yi shekara ashirin da shida yana riƙe da makarantar firamare, wanda in ya yi gyaran murya a baranda malamai ma sai sun gyara tsayuwa, ba shi ne zai yi shiru don harshe ya ƙi ba. 'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, ita ta kawo tsohuwar laftof ɗinta ta zamanin jami'a, ta sa mata wata manhaja mai karanta duk abin da aka rubuta. Aka yi masa ɗan katako a kan kekensa na marasa lafiya, aka ɗora ta. Sai ya ja yatsa a hankali zuwa harafi, ya danna, ya ja zuwa na gaba, in ya gama ya danna babban maɓalli, kwamfuta ta faɗa.

Muryar mace ce, kuma ba ta iya harshensu ba. Da farko dariya suka riƙa sha. In Hedimasta ya rubuta yana son ƙari, sai ta ce yana son kari, matarsa ta ce, "Kari ko kare, Malam? Ka gaya wa amaryar taka ta koma aji ɗaya." Shi ma idanunsa su yi ta rawa don dariya.

Wannan a shekarar farko ne. Matar tasa, da 'ya'yanta da maƙwabta duk Mama suke ce mata, ita ke juya shi sau shida a yini, ita ke wanka, ita ke wankin zanen gado, ita ke ba shi abinci da ƙaramin cokali. Keken ɗinkinta da ta ci abinci da shi shekara da shekaru yana lungu an lulluɓe shi da tsohon labule. Shi kuma Hedimasta ya gano cewa zai iya ajiye magana a kan lambobi, ba sai ya rubuta ta kullum ba. Lamba biyu, ruwa. Lamba uku, juya ni. Lamba huɗu, a hankali na ƙware. Lamba ɗaya kuwa kalma guda ce tak, ita ya fi dannawa: Ke.

Ranar wata Talata da safe tana bayi ta ji muryar ta fara. Ke. Ke. Ke. Ke. Babu numfashi a tsakani. Ta fito da gudu ko hannu ba ta goge ba, a zatonta zamewa ya yi daga keken. Ta same shi zaune daram. Ta tsaya tana haki tana jiran yatsan ya gama tafiyarsa.

"Agogon bango ya yi latti da minti huɗu," in ji kwamfuta.

Ta hau kujera ta gyara agogo. Bayanta ya riƙe a wajen saukowa, sai da ta dafa bango. Ta kawo shayinsa mai madara da sukari cokali uku, ta ba shi cokali ɗaya. Ya yi sanyi. Ta koma ta ɗumama. Ya yi zafi. Ta tsaya tana fifita shi da murfin kwano, yatsan ya sake kama hanya, wannan karon doguwa.

"Da ke malama ce a makarantata da tuni na kore ki."

Tsohuwar tsokanarsa ce. Shekara talatin da biyar yana faɗa mata ita, in ta ƙona girki ko ta manta makulli, yana faɗa yana murmushi, ita kuma ta ce to a biya ta haƙƙinta ta tafi. Amma murmushin ya daɗe da barin fuskarsa, muryar kuwa ba ta san wasa ba. Yadda take neman ruwa haka ta faɗi wannan.

Mama ba ta ji zuciyarta ta tashi ba. Abin da ya fi ba ta tsoro daga baya ke nan. A natse ta karkata kofin, ta fara daga kusurwar hagu ta bi layin haruffa har dama, ta dawo ta bi layi na biyu, ta bi na uku, sai da kofin ya ƙare tas. Fuskar kwamfutar ta yi fari, ta yi layi-layi, ta ɗauke. Shayi ya riƙa ɗiga daga katakon zuwa cinyarsa.

Ya dube ta. Ita ma ta dube shi.

"Innalillahi. Malam, tsaya, tsaya, bari in goge."

Ta goge da gefen zaninta, ta kife ta ta girgiza, ta danna makunni. Shiru. Ta sake dannawa. Ta jona waya a bango ta danna a karo na uku, wata 'yar fitila ta yi ƙyas, wani wari kamar na ƙonannen roba ya taso. Ta kira Auta ta ce kofi ne ya suɓuce mata.

"Ayya, Mama, tsautsayi ne, kar ki damu kanki. Ki tura ta cikin buhun shinkafa ta kwana biyu, an ce tana tsotse ruwa. Ina nan zuwa in na tashi daga aiki."

Ran nan gidan ya yi tsit. Bayan azahar Mama ta kishingiɗa a kujerar falo da niyyar miƙe baya, ba ta farka ba sai da rana ta sauka daga taga. Rabonta da barcin rana har ta manta. Ta tashi jikinta sakayau, sai kunya ta rufe ta, don ta san daɗi ta ji.

Tun kafin kwamfuta suna da wata hanya: ƙifta ido sau ɗaya e, sau biyu a'a. Ta durƙusa a gabansa ta ce, "Malam, ruwa?" Ya runtse idanu, bai buɗe ba sai da ya ji ta bar wurin. Da Auta ta zo ya ƙifta mata daidai. Auta ta ɗora masa wayarta a ƙarƙashin yatsa, yatsan ya yi ta jan ciki a kan gilashi yana zubo haruffa barkatai. Washegari ta kawo kwamfutar ofishin mijinta, maɓallanta a shafe suke kamar an goge su da dutsen guga, ya gwada sau biyu ya ƙifta a'a. Tasa yake so. Ran Alhamis aka zaro ta daga shinkafa, aka danna, ko tari ba ta yi ba.

Ran Asabar Auta ta zauna da shi, Mama ta nannaɗe kwamfutar a tawul ta hau mota zuwa layin masu waya. Shagon da aka kwatanta mata a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, sai ka sunkuya za ka shiga. Gawarwakin kwamfutoci jibge a kanta har rufi, wasu babu fuska, wasu cikinsu a waje. Mai shagon, da ake ce wa Injiniya, dattijo ne mai furfura a gemu, ya ɗora tabarau biyu wani kan wani. Ya ba ta kujerar roba, ya juya kwamfutar ya girgiza, ƙwayoyin shinkafa suka zubo a tebur.

"An sa ta a shinkafa ke nan. Saura mai da gishiri." Ya yi 'yar dariya. "Me ya zube mata, Mama?"

"Shayi."

"Da sukari?"

"Da madara."

"Kwana nawa?"

"Huɗu."

"An kunna ta bayan nan?"

Ta ce sau huɗu. Ya ja numfashi. Ya zare batir, ya fara kwance kusoshi yana jera su a kan wani maganaɗisu, ƙanana kamar ƙwayar gero. Da ya ɗaga murfin sai warin madara da ta lalace ya cika shagon. Ya jawo fitila ya nuna mata koren allon da ke ciki, wanda ya ce shi ne uwar komai. Duk ya yi danƙo, wasu wurare sun yi fari-fari, wasu sun yi kore kamar tsohuwar tagulla.

"Ruwa kaɗai da sauƙi, yana bushewa ya tafi. Sukari ba ya tafiya, zama yake yana ci. Kin ga nan da ya yi baƙi? Kunnawar nan ce ta ƙona shi. Da an cire batir an kawo ta ran nan, da wanki kawai zan yi mata."

Ya ɓalle kibod ɗin, wato wurin haruffan, ya juya bayansa a ƙarƙashin fitila. Ya daɗe yana kallo.

"Akwai yara a gidan?"

"Babu. Me ka gani?"

"A'a, kawai dai shayi in ya zube, wuri guda yake taruwa, ya gangara gefe. Wannan kuwa kowane layi ya samu rabonsa, daga farko har ƙarshe, kamar an yi wa fili ban ruwa." Ya ɗago ya dube ta ta saman tabaran, ya ga fuskarta, ya mayar da kansa ƙasa. "Ni dai gyara ne nawa."

Ta ji kamar ta faɗa masa. Baƙo ne, ba zai sake ganinta ba in aikin ya ƙare. Abin da ya fito daga bakinta kawai shi ne, "Bakin mijina ce. Ba ya magana sai da ita."

Injiniya ya ture wata kwamfuta da yake kan yi gefe guda. Ya tsiyaya sipirit a murfi, ya ɗauki tsohon burushin haƙori ya fara cuɗa allon a hankali, kumfa mai ruwan ƙasa na fitowa. Ya ce allon zai tashi in Allah ya so, zai ciro irin abin da ya ƙone daga wata gawar ya dasa. Kibod ne matsala. Ya mutu murus, kuma irinsa an daina yi tun tuni, sai an cigita wajen masu tsofaffin kaya. Ya ce ta ba shi mako guda.

Mako gudan bai cika ba. Tun ran Talata take ba Hedimasta abinci ba tare da lamba huɗu ba. Da can shi ke tsayar da ita in abu ya bi ta inda bai kamata ba, don tarinsa ba shi da ƙarfin da za a ji. Yanzu sai ta kai cokali, ta jira, ta ce, "Ya wuce?" Ido a rufe. Ta kai wani. Ran Lahadi ta ji ƙirjinsa na ƙara kamar ana jan ruwa da tsinke. Ran Litinin jikinsa ya yi zafi rau, leɓɓansa suka canja launi. Mijin Auta ya zo da mota, su uku suka ɗaga shi.

Likitar da ta karɓe su ta duba hoton ƙirjin ta ce abinci ne ya daɗe yana shiga huhu, har ya ruɓe a can.

"Ba ya nuna muku alama in ya ƙware?"

"Yana gaya mana, Likita," in ji Auta. "Na'urar da yake magana da ita ce ta lalace. Tsautsayi aka yi."

Mama tana tsaye riƙe da ledar kayansa, ta ƙura wa tayil ido.

Kwana goma sha shida ya yi a asibiti. Kwana ukun farko ba a sa rai ba. Mama ba ta bar gefen gadon ba sai don alwala, tana goge masa baki da auduga, tana kallon yatsun nan biyu kwance a kan zane ba sa motsi. Sau ɗaya, da masu jinyar gadon kusa suka fita, ta sunkuya daidai kunnensa ta ce, "Malam, ka yafe mini. Ban san abin da ya hau kaina ba." Idonsa a buɗe yake, yana kan silin, nan ya bar shi. Da aka sallame su an zura masa roba ta hanci, ta nan abinci zai riƙa shiga. Likita ta ce shi da cokali har abada.

Injiniya ya kira tun suna asibiti. Da Mama ta je bayan an sallame su, ya kunna mata kwamfutar a kan tebur, fuska ta kawo, komai yana nan yadda aka bar shi. Ya rubuta sannu da zuwa, muryar ta faɗa a karkace, mutanen shagon kusa suka leƙo. Amma bai yi fara'ar wanda ya gama aiki ba.

"Abu guda zan gaya miki, Mama. Kibod ɗin nan daga wata na ciro da ta yi shekaru a sito ba a taɓa ta ba. Sabo ne a tsufansa, yana da tauri. Naku na da ya sha hannu, ya yi laushi kamar tsumma. Ga mai lafiya ba wani abu ba ne. Ban san ƙarfin yatsan maigidan ba."

"A mayar da tsohon mana. A wanke shi kamar yadda aka wanke wancan allon."

Ya ɗauko shi daga ƙarƙashin tebur, ya ɓare bayansa, ya nuna mata wasu siraran ledoji masu zanen azurfa. Zanen ya cinye, ya yanke a wurare fiye da goma. Ya ce ya kwana biyu yana gwada haɗa su, ya haƙura.

Da yamma Auta ta zo, aka zaunar da Hedimasta a keke, aka tokare shi da matasai, aka ɗora kwamfutar. Auta ta ɗauki hannunsa ta ajiye a kan haruffa. Idanunsa suka yi haske, rabon da a ga haka tun kafin asibiti. Yatsan ya ja jiki da ƙyar, ya isa wani harafi, ya tsaya. Suna kallo farcen ya yi fari don dannawa. Maɓallin bai sauka ba. Ya sake. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Auta ta juya baya ta toshe bakinta da mayafi.

Mama ce ta jawo kujera ta zauna a hagunsa. Ta ɗora yatsanta a kan nasa.

"Kai ka kai shi wurin, Malam. In ka isa ka ƙifta, ni zan danna."

Rabonsa da ba ta amsa kwana ashirin da wani abu. Ya ƙifta sau ɗaya.

Suka fara. Yatsansa na tafiya a ƙarƙashin nata, sanyi ƙalau, ya tsaya, ya ƙifta, ta danna. A. U. T. A. Auta ta share hawaye ta matso tana dariya, "Na'am, Baba, ina ji." D. A. Tazara. G. A. N. Mama tana karantawa a fuskar kwamfutar, a nan ta gane inda aka nufa. Yatsan ya koma kan G ya tsaya. Ya ƙifta. Ba ta danna ba. Ya juyo da idanunsa gare ta, ya sake ƙiftawa, a hankali.

Babu abin da zai hana ta ɗauke hannu ta ce ya gaji, a bari sai gobe. Ko ta zame yatsan zuwa harafin kusa, maganar ta watse, a ce rashin ƙarfi ne. Daga yau duk abin da zai faɗa a duniya sai ya bi ta hannunta, shi ma ya sani. Ta danna G. Ta danna sauran ɗaya bayan ɗaya, kusan minti goma, Auta ta daina dariya tun a tsakiya. Da suka kai ƙarshe yatsansa bai iya kaiwa babban maɓallin ba, ya yi nisa. Mama ta miƙa ɗayan hannunta ta danna.

"Auta da gangan ta zuba," in ji kwamfuta.

"Wa? Baba, me aka zuba?" Auta ta dubi uwarta. "Mama, ruɗewa yake yi ko? Maganin nan ne."

"Ba ruɗewa ba ne. Shayin yake nufi. Ba suɓucewa ya yi ba, ni na tsiyaye shi da hannuna."

"Saboda me?"

"Na gaji ne."

"Kin gaji." Auta ta maimaita kamar ba ta san kalmar ba. "Kina tsaye likita take tambaya, ni ina cewa tsautsayi. Kina ji. Robar nan da ke hancinsa fa, Mama?"

Auta ta shiga kicin, aka ji ta buɗe famfo, ta daɗe ruwa na zuba. Da ta fito ta durƙusa ta gaida ubanta, ta ɗauki jakarta ta tafi.

Washegari ta dawo da akwati. Ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta ce ita za ta riƙa kula da shi, Mama ta huta tunda ta gaji. Ita ke juyi, ita ke wanka, ita ke danna masa haruffa, uwar tana ɗaki tana jin muryar ta bango. A kwana na shida Mama ta ji Auta ta ɗaga murya, "Baba, don Allah, yanzu fa na gyara matashin nan!" A kwana na tara hutun ya ƙare. Ta haɗa akwatinta idanunta sun faɗa, ta tsaya a ƙofar ɗaki ta lissafa wa uwar lokutan magani kamar mai bayani ga sabuwar ma'aikaciya. Mama ta ce to.

Wata bakwai ya ƙara a duniya. Kullum da hantsi ta zauna a hagunsa ta ɗora yatsa. Maganarsa ta gajarce, don kowane harafi sai ya ci masa ƙarfi. Ƙafa. Taga. Zafi. Wani lokaci yakan kashe rabin sa'a don ya gaya mata ta karkata zanen gado, ta danna masa har ƙarshe, ta tashi ta gyara. Bai sake tayar da zancen shayi ba, bai kuma ce ya yafe ba, ita ma ba ta sake roƙo ba. A watan ƙarshe yatsan ya daina tafiya gaba ɗaya, suka koma ƙifta ido, yana amsa mata. Ya cika wata ranar Alhamis da rana, tana shanya a tsakar gida.

Auta tana da ciki wata biyar a lokacin. Tana zuwa duk ƙarshen mako, ta kawo cefane, ta tambayi ciwon baya, su yi hirar tsadar kaya. Ba ta gaya wa yayyenta komai ba, ba ta kuma sake yi wa uwar maganar ba. Da haihuwa ta matso Mama ta yaye labulen keken ɗinki, ta zuba masa mai, ta ɗinka 'yan riguna shida, ta haɗa jakarta ta ajiye a bakin gado. Ran da naƙuda ta tashi, uwar mijinta Auta ta kira. Mama a waya ta ji, daga bakin mijin Auta, bayan an yi wa jaririyar wanka.